Sharhi kan tebur mai fentin marmara da akwatin dekupaj da aka yi mini a Yamai

Aiki biyu na ba wani mai fenti da ke aiki tare da kafintoci a nan Yamai, wato ƙaramin teburin falo da nake so ya fito kamar na marmara, da akwatin ajiye turare da na nemi a ƙawata shi da yankakkun hotunan takarda, aikin da ake kira dekupaj. An gama su cikin hunturu, sun sha zafin bazara, sun kuma ƙetare damina a ɗakina, saboda haka ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani.

Teburin dai ba ni da abin cewa sai yabo. A kasuwar Katako aka sayo icen, kafinta ya harhaɗa, sannan mai fenti ya cike ramukansa, ya goge shi har ya yi sumul, ya shimfiɗa farin fenti. A kan wannan farin ne ya zuba wani fenti mai ruwa-ruwa launin toka, ya riƙa dangwala shi da soso tun bai bushe ba, daga nan ya ɗauki gashin tsuntsu ya ja jijiyoyin dutsen, ya bi su da buroshi mai laushi don su dusashe kamar a cikin dutsen suke, ba a samansa ba. Farin marmaran Karara na ƙasar Italiya ya kwaikwaya, kuma abin da ya fi burge ni shi ne jijiyoyin sun tafi a karkace, wata ta yi kauri wata ta sirance ta ɓace, sannan duk wadda ta kai bakin teburin sai ta gangara ta ci gaba a gefensa, kamar yadda take yi in an yanka dutse na gaske. Wannan ita ce gwanintar da ta sa Thomas Kershaw, mai fenti ɗan Ingila, ya ci lambar yabo a baje kolin London na 1851 da na Paris na 1855, kuma ban zaci zan ga ɗanɗanonta a wata rumfar kwano ta garinmu ba.

Ido kawai yake ruɗa, ba ya ruɗin hannu, domin ba shi da sanyin dutse, ba shi da nauyinsa, wanda a wurina alheri ne tunda yarinya ɗaya tana iya ɗaga shi ta share ƙarƙashinsa. Sai dai ba ya son zafi, dole a sa faifai kafin a ɗora butar shayi.

Akwatin ne ya rage mini murna. Furannin da aka yanka sun yi kyau, almakashi ya bi kowane ganye da natsuwa, jerin ma ya dace da girman murfin. Matsalar tana ga man ƙyallin da ake shafawa a bisa. Asalin wannan sana'a, kamar yadda ta bunƙasa a birnin Venis wajen shekarun 1700, dabara ce ta kwaikwayon kayan ƙyalli masu tsada da ake kawowa daga Sin da Japan. Maɗaba'ar Remondini da ke garin Bassano har takardu na musamman take bugawa don a yanka a liƙa. Sirrin aikin shi ne a yi ta shafa man ana bari ya bushe ana gogewa, wani lokaci har sau 30 ko 40, sai takardar ta nutse, mai shafa murfin da yatsa ba zai ji inda ta fara da inda ta ƙare ba. A nawa akwatin kuwa farce yana kama bakin kowane fure, ga ƙurar hunturu da ta maƙale a cikin man ta bar shi da kaushi in haske ya bugi murfin ta gefe. Da damina ta sauka icen ya sha danshi, sai kusurwar wani ganye ta ɗago.

Na mayar masa, bai yi musu ba. Ya ce, "Hajiya, gaggawar biki ce ta sa, ki bar mini shi." Ya sake liƙewa, ya ƙara shafi da guga ba tare da ya karɓi ko dala ba, akwatin ya gyaru ƙwarai, ko da yake ƙurar da ta riga ta shige ƙasa tana nan.

Kuɗin teburin bai kusanci na marmaran gaske ba, kuma ya cancanci abin da na biya. Na akwatin ya yi mini yawa a yadda aka fara ba ni shi. Zan koma wurinsa da firam ɗin madubi, amma wajen watan Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke kafin ƙura ta taso, kuma sai mun yi magana kan yawan shafin tun kafin in ba da kafin alƙalami.