Har numfashi sai da na biya aka koya mini

Yaya, ina gaisuwa. Ya yara, ya ƙafar Umma? Na ji saƙonki na murya kan wurin motsa jiki na Pilates ɗin da ƙawarki ta ce an buɗe a Abuja, da tambayarki ko ya kai kuɗin da suke yankawa. Amsar ta fi ƙarfin saƙon minti biyu, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ni dai ciwon baya ne ya kai ni. Aikin kula da tsofaffi a nan Landan awa 12 ne a tsaye, ki ɗaga wannan, ki juya wancan a gado. Ban cika shekara ba ƙuguna ya riƙe, har tashi daga sujada sai na dafa bango. Da a gida ne da tuni an kira mai tausa ta zo da man kaɗanya, ta murza ni muna hira, in ba ta abin da ya sawwaƙa, ta sa albarka ta tafi. Nan ganin likita kyauta ne, amma da layi za ki biya. Sai da na yi makonni kafin na ga likitar gashin ƙashi, ita kuma ta miƙo mini takarda mai zane-zane ta ce in nemi ajin Pilates.

Da yake ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai na zaɓi wurin da ya fi ƙyalli a unguwarmu. Fam 28 na biya na minti 50, ban da safa mai ɗigon roba a tafin ƙafa da suka ce dole sai da ita. Injin nasu Reformer suke ce masa: wani siririn gado ne mai zamewa gaba da baya, da sifirin masu launi-launi a ƙarƙashinsa, da igiya biyu da ake zura hannu ko ƙafa. Mu goma sha biyu, malama ɗaya. Ta tambaya ko akwai mai wani ciwo, na ji kunya na yi shiru. Duk abin da na ga ta kusa da ni ta yi sai in yi, har da ƙari, don kada a ce baƙar nan ba ta iya ba. Kwana uku ina tafiya kamar wadda aka yi wa duka.

Mako na gaba aka sauya mini lokacin aiki da daddare, na shiga manhajarsu na soke zuwana na safe. Ashe in bai kai awa 12 kafin ajin ba, kuɗin ya tafi. Suka zare abinsu daga katina. A Kano in kika ce wa mai kitso uzuri ya taso, "Allah ya sawwaƙe, sai gobe" za ta ce. Nan wa za ki yi wa magiya, waya? Amma in faɗi gaskiyarsu, ƙarfe bakwai ƙarfe bakwai ne, babu "ga ni nan zuwa", kuma kowa sai ya goge injin kafin ya tashi.

Wata 'yar Somaliya da muke aiki tare ce ta nuna mini ajin tabarma a cibiyar motsa jiki ta ƙaramar hukuma, fam 7, ranar Talata mata zalla. Babu inji, babu madubi, tabarmar roba ce kawai a ƙasa. Wannan karon na je da wuri, na ja malamar gefe na zayyana mata komai. Ranar kusan numfashi kaɗai ta koya mini. Ta ɗora tafukanta a haƙarƙarina ta ce in shaƙi iska ta hanci har in ji na ture hannayenta gefe da gefe, sannan in fitar ta baki a hankali ina jawo cibiya ciki, kamar mai ƙoƙarin ɗaura zanen da ya yi mata kaɗan. Na yi dariya a raina, wai shekara talatin da 'yan kai ina numfashi, yau Baturiya ke koya mini, kuma da kuɗina. Sai ga gumi yana tsatsafowa alhali ko ƙafa ban ɗaga ba.

Akwai wani motsi da suke kira "ɗari": kina rigingine, kai da ƙafafu a sama, kina kaɗa miƙaƙƙun hannaye sau 100, biyar kina shaƙa, biyar kina fitarwa. Ina kaiwa arba'in wuyana ya ɗau zafi. Ta ce in ajiye kai ƙasa in lanƙwasa gwiwa, don in wuya ne ke aikin to cikin yana hutu ne, kuɗina kuma na tafiya a banza. A wancan wurin mai ƙyalli babu wanda ya lura da ni balle ya gaya mini haka.

Ita ce ma ta ba mu labarin mai abin. Joseph Pilates Bajamushe ne, an haife shi a 1883. Yana Ingila yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, aka tsare shi da sauran Jamusawa, har aka kai shi sansani a tsibirin Man, inda ya riƙa koya wa 'yan'uwansa tsararru motsa jiki. Daga baya ya buɗe wurinsa a Niyok, masu rawa suka yi ta tururuwa wajensa, ya rasu a 1967. A shekarar 2000 wata kotu a Amurka ta yanke cewa sunan ba mallakin kowa ba ne. Kin ga kuwa kowa na iya sayen inji ya kafa allo, don haka malamar za ki bincika kafin ki kalli kayan ɗakin.

To in za ki je na Abuja, kada ki yarda su sayar miki da aji goma a dunƙule tun ranar farko, ɗaya za ki biya ki gani. Ki tambaya mutum nawa ne a ajin, a ina malamar ta koya, da yadda suke yi in uzuri ya hana ki zuwa. Ki gaya mata haihuwar autanki ta tiyata ce, kuma ki fara jin ta bakin likitanki. Kada ki cika ciki da tuwo kafin ki fita. Ki sa hula da riga mai dogon hannu wadda ba ta yi ɓurum ba, don malamar tana bukatar ganin yadda bayanki ke kwanciya, dogon hijabi kuma zai iya maƙalewa a sifirin. Ki zaɓi wuri kusa da ita, ki ɗauke ido daga maƙwabciyarki.

Ni yanzu wata biyar ke nan, Talata a aji, Asabar minti 20 a kan kafet ɗin ɗakina. Bayan bai daina ciwo gaba ɗaya ba, musamman in na yi aikin dare uku a jere, amma na daina dafa bango. Duk da haka in an samu mai tahowa ki aiko mini da man kaɗanyar nan, na kantunan nan ɗan gwangwani ne da tsadar tsiya, kuma sun cika shi da turare. Ki gaida Umma da kyau.