Makirufo, fitila da mariƙin waya: sharhi kan kayan bidiyon talla ga masu hoto a Jidda da Makka

Kayan da nake magana a kai su ne waɗanda shagunan kayan waya ke haɗawa su sayar a kwali ɗaya: ƙaramin makirufo maras waya da ake maƙalawa a riga, fitila mai siffar zobe, da mariƙin waya mai ƙafa uku. Na yi aiki da su wajen ɗaukar gajerun bidiyon da mai hoto ke fitowa da fuskarsa yana yi wa masu neman aiki bayani, waɗanda ake turawa ta WhatsApp Business ko a ɗora a Snapchat da TikTok. A ganina makirufon ya ci kuɗinsa, mariƙin ba laifi, fitilar kuwa da za a cire ta a rage farashin kwalin da ya fi.

Wani zai ce mai hoto ai hotunansa ne tallarsa, me ya kai shi gaban kyamara? A nan Saudiyya wannan lissafin bai cika ba. Kowa na iya jera kyawawan hotuna a shafinsa, har da waɗanda ba shi ya ɗauka ba. Iyalin da ke shirin biki a unguwar Shara Mansur ta Makka ko Karantina ta Jidda ba kyan hoto kaɗai suke tambaya ba. Suna so su san wane ne, yaya maganarsa take, in ya shigo cikin iyali zai kama kansa, kuma hotunan matan gidan ba za su ɓulla a wayar wani ba. Alhajin da zai zo Umara daga Kano ko Maraɗi, wanda zai tura kafin alƙalami ga mutumin da bai taɓa gani ba, shi ma amanar yake nema. Bidiyon minti ɗaya da mutum ya yi sallama da Hausa, ya faɗi sunan sana'arsa da garin da yake, yana rage wannan ɗar-ɗar fiye da hotuna hamsin. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Amma fa sai an ji abin da kake faɗa, shi ya sa makirufon ne zuciyar kayan. Mutane suna haƙuri da hoton da bai yi haske sosai ba, ba sa haƙuri da murya mai amsa-kuwwa. Ɗakunan nan mafi yawansu tayil ne da bangon siminti, ga na'urar sanyaya ɗaki tana gunji, makirufon waya kuma yana kwashe komai daga nesa. Wanda ake maƙalawa yana zama kusa da baki, sai murya ta danne sauran ƙara. A maƙala shi kamar taki ɗaya ƙasa da haɓa, wajen santimita 15 zuwa 20. In ya matso sama, numfashi da harufan b da f suna bugunsa. In ya yi ƙasa, murya ta yi sirara. Mai jallabiya ya sa shi a bakin maɓallai, ba cikin aljihu ba. Mai hijabi ko mayafi ta sa shi ta waje, domin duk motsin yadi a kansa yana fitowa kamar ana yaga takarda.

Akwai matsaloli da ya kamata a sani kafin a dogara da shi. Babbar cikinsu ita ce ɗan abin da ake sokawa a gindin waya, wato mai karɓar sauti. In rigar wayar mai kauri ce, ba ya shiga har ƙarshe, wayar kuma ba za ta yi gargaɗi ba, sai ta koma ɗauka da makirufonta. Maganinsa a cire rigar wayar, a ɗauki daƙiƙa biyar ana ɗan ƙwanƙwasa makirufon da yatsa, a saurara. In ba a ji ƙwanƙwasar da ƙarfi ba, bai haɗu ba. Sannan irin waɗannan suna aiki ne a zangon 2.4 GHz, inda Wi-Fi da Bluetooth suke cunkushe, don haka a otal ko zauren biki sauti yana iya tsinkewa, musamman in ka juya wa wayar baya, tun da jikin mutum yana tare siginar. Nisan da aka rubuta a kwali na fili ne wanda babu komai a tsakani. Maɓallin rage hayaniya kuma a yi hattara da shi: a bakin titi yana taimako, a cikin ɗaki yana cinye ƙarshen kalmomi, murya ta fito a shaƙe. A bakin teku, wajen Kornish, kada a fita sai da ɗan gashin nan da ake rufa masa, don iskar Jidda ba ta ragawa.

Mariƙin yana yin abin da aka yi shi dominsa. A ɗaga shi har gilashin kyamara ya yi daidai da ido, a tsaya kamar mita ɗaya daga gare shi, a yi amfani da kyamarar baya don ta fi ta gaba kyau. Ba shi da nauyi, saboda haka a waje a rataya jaka a tsakiyar ƙafafunsa kada iska ta kayar da waya.

Fitilar ce ban gamsu da ita ba, kuma duk mai hoto zai gane dalili. Haske ne da ke dukan fuska kai-tsaye, yana shafe inuwa, fuska ta zama shimfiɗe, mai tabarau kuma zobba biyu su bayyana a idonsa. Fatarmu tana son haske mai faɗi da ke zuwa ta gefe. Taga mai farin labule da hantsi, kana fuskantarta a ɗan karkace, ta fi wannan fitila nesa ba kusa ba. In dole sai da dare za a ɗauka, a kawar da ita gefe, a ɗaga ta sama da kai kaɗan, a kashe fitilar ɗakin in launinsu ya bambanta, domin farin haske da rawayan haske in sun haɗu a fuska ɗaya ba su gyaruwa da sauƙi. Mai hoton da bidiyonsa ya fito da mummunan haske ya riga ya yi wa kansa mummunar shaida.

Ga wani abu da ke damun waɗanda suka zo da kyamara daga gida. Wutar Najeriya da Nijar 50 Hz ce, ta Saudiyya 60 Hz. Kyamarar da aka saita a firam 25 (hotuna 25 a daƙiƙa) da shota 1/50 (saurin buɗewar idon kyamara), in ta shiga ƙarƙashin fitilun istiraha, wato gidan hutu da ake haya don biki, ko na shago, sai ka ga hoto yana ƙyaftawa ko wasu layuka suna gangarowa. A mayar da ita firam 30 da shota 1/60, ko firam 60 da 1/120, matsalar ta kau. Don wannan aiki ingancin hoto na 1080p ya wadatar. 4K yana cin wuri kusan ninki uku, yana kuma dafa waya, a garin da zafi ke haura digiri 40 da rani. A kashe HDR, wato saitin da ke ƙara zurfin haske da launi, don bayan manhaja ta matse bidiyon launinsa kan koɗe a wasu wayoyi. In kuma an fito daga ɗaki mai sanyi zuwa danshin Jidda, gilashin kyamara zai yi raɓa. A ba shi kamar minti goma a cikin jaka kafin a fara, gogewa ba ta hana shi dawowa.

Wane bidiyo ne ke kawo aiki? Akwai na gabatar da kai, daƙiƙa 45 zuwa 60, a tsaye 9:16, wanda ake kafewa a saman shafi. Yana da amfani, amma wanda na ga ya fi tasiri shi ne wanda ake yi wa mutum ɗaya tak. Wata ta rubuto tana tambayar farashin ɗaukar walima. Yawancin masu hoto za su tura mata jerin farashi, ita kuma ta kwatanta da na wasu ta zaɓi mai araha. Maimakon haka, a kafa waya a yi mata daƙiƙa talatin: “Assalamu alaikum Hajiya, na ga saƙonki kan walimar saukar ɗanki. Allah ya sanya albarka. Ranar ina da sarari. Ɓangaren mata abokiyar aikina ce za ta shiga, hotunansu kuma a hannunki kaɗai za su tsaya. Ki faɗa mini wurin da yawan baƙi, yanzu in turo miki lissafi.” An ambaci abin da ya kawo ta, an amsa damuwar da ba ta furta ba, an kuma bar mata tambaya mai sauƙin amsawa. Farashi ya biyo baya a rubuce, da riyal, tare da ranar da za a miƙa hotuna. Kada a yi bidiyo ɗaya a riƙa tura wa kowa da sunan nasa ne, ana ganewa. Mace mai hoto da ba ta son nuna fuska tana iya nuna hannuwanta da kyamara da alban tana magana, muryar ce ke yin rabin aikin. Haka ake yi wa ɗan kasuwar da ke son hoton abaya ko turare ko dabino don abokan cinikinsa na Kano: a nuna masa teburin ɗauka da hoto ɗaya da aka gama, a kira shi Alhaji, a gaya masa guda nawa ake ɗauka a yini.

WhatsApp yana matse bidiyo, don haka a danna HD kafin turawa. Samfurin aiki da ake so ya isa da cikakken kyansa a tura shi a matsayin fayil. Saƙon bai-ɗaya na WhatsApp, wato broadcast, yana ɗaukar mutum 256, amma ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka, shi ya sa yake da kyau a ƙarshen bidiyon gabatarwa a ce wa mutane su ajiye ta. Mai neman masu Umara ya tuna Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu: abin da ka ɗora ƙarfe goma na dare, ƙarfe takwas zai same su.

Rubutun ƙasan bidiyo yana da muhimmanci a nan fiye da a gida. Da yawa daga 'ya'yan Hausawa da aka haifa a Makka da Jidda suna jin Hausa sarai, amma Larabci suke karantawa, ba boko ba. A yi magana da Hausa, a sa rubutu da Larabci, an kama iyaye da 'ya'ya gaba ɗaya. In da Hausa za a rubuta, a buga da hannu, a kuma duba ƙ da ɗ da ɓ sun fito, don wasu salon rubutu akwati suke nunawa a madadinsu. A bar ƙasan allo da gefen dama babu rubutu, nan maɓallan manhaja suke zama. Kiɗa kuwa a bar shi, yawancin masu ba da irin wannan aiki ba sa so, muryarka ta isa.

Maganar doka ba ta wasa ba ce, kuma a nan ne nake roƙon 'yan'uwa su natsu. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara ɗaya da tarar da za ta iya kaiwa riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. Don haka bidiyon bayan fage da ake ɗauka a wurin aiki, kada fuskar kowa ta fito sai da izininsa, a rubuce ko da a saƙo ne, har da masu wucewa a lungunan Balad, tsohon garin Jidda da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2014, inda kowa ke son ɗauka saboda tagoginsa na katako. Harami da Masallacin Annabi wuraren ibada ne, kada a mai da su fagen talla. A 2022 kuma hukumar kula da kafafen watsa labarai ta fito da lasisin Mawthooq ga masu talla a shafukan sada zumunta, riyal 15,000 na shekara uku, ta kuma hana baƙi yin talla ba da izini ba. Mai igama, wato takardar izinin zama, ya tabbatar sana'ar da yake tallatawa ta dace da takardunsa kafin ya sa fuskarsa a bidiyon da kowa zai gani.

Wanda zai sayi kayan nan ya tafi shagon da wayarsa. Ya duba bakin mai karɓar sautin ya dace da ita, USB-C ko Lightning, ya nemi a buɗe a gwada a gabansa da manhajar kyamarar da zai yi aiki da ita, ya ja baya taku goma ya juya baya yana magana, sannan ya saurara da abin kunne. Ya zaɓi mai makirufo biyu, don ranar da kwastoma ya yarda ya yi shaida a bidiyo, da mai ramin caji a jikin mai karɓar sautin, don waya ta riƙa shan caji ana ɗauka. In mai shago ya yarda ya raba kwalin, a bar masa fitilar, a sa kuɗinta a ƙaramin farin faifan mayar da haske.