Shekara biyu da shimfiɗa baƙar leda a kandamin kifina

Gonarmu ta gado tana wajen Dambatta ne, ba nisa da dam ɗin Thomas. Duk wanda ya san yankin ya san ƙasarsa: jigawa ce, ta gero da gyaɗa da wake, ba ta riƙe ruwa. Da na ce zan haƙa kandamin kifi a cikinta, Baffana ne ya fara ja mini kunne. Ya ɗebo ƙasa daga gindin ramin gwajin da muka tona, ya jiƙa ta, ya dunƙule a tafin hannunsa, ya cilla sama ya cafe, sai ta wargaje. Ya ce, "Ɗana, wannan babu laka a jikinta. Ko ruwan Tiga ka juye mata sai ta shanye." Na ji maganarsa, amma a lokacin na riga na ba mai katafila kafin alƙalami.

Aka haƙa mita 20 a tsawo, 12 a faɗi, zurfi mita ɗaya da rabi. Muka kwana uku muna tura ruwa daga burtsatse, kuma kullum da safe sai in tarar ya sauka fiye da taƙi guda. Na sayo laka daga fadama, aka shimfiɗa, aka daɓe, har shanu muka sa suka tattake ta. Zubar ta ragu, amma da zafin Afrilu ya kama, duk inda ruwa ya janye sai lakar ta dare, in an sake cikawa ruwan ya bi ta nan ya tafi. Wannan ne ya kai ni ga ledar da zan yi magana a kanta.

Ba tamfol ba ce irin wadda ake ɗaurawa a kan katako ko ƙarfe a bayan gida. Baƙa ce ƙirin, mai tauri, a naɗe take zuwa, masu sayarwa suna kiranta HDPE. Sun nuna mini kauri uku: milimita 0.5 da 0.75 da 1. Na ɗauki ta tsakiya. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne awo. Na zaci murabba'in mita 240 zan saya tunda shi ne girman bakin ramin, ashe sai an lissafa gangaren bango da abin da za a binne a gefe. Mita 23 sau 15 aka yanka mini, wato 345. Kuɗin ledar da na aikin ya haura kuɗin haƙan kansa nesa ba kusa ba, kuma na daɗe ina juya abin a raina kafin in biya.

Mutum huɗu suka zo da injin liƙi da ƙaramin janareta. Babbansu, wani dattijo mai ƙarancin magana, bai yarda an kwance naɗin ba sai da ya shiga ramin ba takalmi ya taka ko'ina. Ya sa aka tono saiwar kalgo da ta sabara da katafila ta bari, aka tsince tsakuwa da ƙaya, aka baza yashi mai laushi aka share da tsintsiya. Wuni guda cur ya tafi a nan, ni kuma ina ta duba agogo. Washegari suka jera ledar, gefen wannan a kan gefen waccan, injin yana tafiya a hankali yana narka su yana haɗewa. Layi biyu yake fitarwa, da 'yar hanyar iska a tsakani. In an gama kowane layi sai dattijon ya toshe bakinsa biyu, ya soka allura ya hura iska da famfo, ya tsaya yana kallon gejin. In iskar ta sauka, akwai inda bai kama ba ke nan. Sau ɗaya hakan ta faru, kuma a gabana ya nemo wurin ya gyara.

Da azahar na ce a binne gefen mu huta. Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri sai da asuba. Ledar nan rana ta buɗe ta. In muka ja muka binne yanzu, da dare za ta tsuke ta ɗaga daga kusurwa, ruwa ya zo ya danne ta a kan iska." Na taɓa ta, ba ta taɓuwa don zafi, ta yi tattara kamar fatar tsoho. Da asuba kuwa na tarar ta kwanta lif. A lokacin aka cusa gefen cikin kwatar da aka tona kewaye da kandamin, aka mayar da ƙasa aka daɓe.

A kan abin da na saye ta dominsa, ba ni da ta cewa sai godiya. Na kafa sanda mai zane a cikin ruwan. A tsakiyar bazara abin da yake sauka a wuni bai fi santimita 1 ba, wanda rana da iska suke ɗauka. Kada a raina shi, domin a saman ruwa mai murabba'in mita 200 lita 2,000 ke nan kullum, amma wannan famfon sola yana mayar da shi kafin hantsi ya dubi ludayi. Na zuba 'ya'yan tarwada 2,000 a zubin farko, kuma yanzu na kwashe sau uku. Ledar da take sama da ruwa, wadda rana take duka kullum, har yau ba ta tsage ba, ba ta yi gautsi ba. Gara ma ba ta yi mata komai ba.

Sai dai akwai abubuwan da ya kamata a ce masu sayarwa sun faɗa mini, ba su faɗa ba. Wurin da bututun fitar da ruwa ya huda ledar, yaron dattijon ne ya yi shi bayan maigidansa ya wuce wani aiki. Gam ya shafa, ya ɗaure da robar tif. Irin wannan leda kuwa gam ba ya kama ta, ko na facin taya ne, sai dai a narka ta da zafi. Cikin sati biyu ƙasar bayan bangon ta jiƙe sharkaf. Na yi kwana tara ina kiran waya ana ce mini gobe, ga kifi a ciki, kafin su zo su liƙa wa bututun wani hannun riga na ledar su matse da zoben ƙarfe. Ba su karɓi kuɗi ba, na yaba da wannan, amma kwana taran nan ban yi barcin kirki ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a watan Agusta ya faru. Na rage ruwa domin kwasa, aka kwana ana tafka ruwan sama. Da safe mai gadi ya kira ni yana cewa in zo in gani. Tsakiyar kandamin ya kumburo sama, baƙi, yana lilo kamar bayan dorina. Ruwan da ya gangaro daga gona ne ya sami hanya ta gefen gabas, inda bangon bai yi tudu ba, ya shiga ƙarƙashin ledar tare da iska, kuma na sama bai da nauyin da zai danne shi. Mai gadi ya ɗauko wuƙa zai huda don iskar ta fita, na riƙe hannunsa. Muka cika kandamin da sauri, muka jera buhunan yashi muna tura kumburin gefe, daga baya na ɗaga bangon na kuma tona kwata ta karkatar da ruwan gona. Maganin wannan tun farko shi ne a kwantar da bututu mai huji-huji a ƙarƙashi kafin shimfiɗa, abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Kandamin leda kuma ba ya yafe ƙazanta kamar na ƙasa. Kashin kifi da ragowar abinci a gindi suke taruwa, in ka yi sakaci ruwan ya yi wari, tarwada ta taso sama ta tsaitsaya a miƙe, ta daina ci. Ni duk bayan kwana huɗu ko biyar nake buɗe bututu in zubar da na ƙasan. Ruwan ba ya tafiya a banza, alayyahu da tumatir da ayabar da na shuka a ƙasan kandamin shi suke sha. Masu jan taru ba takalmi suke shiga, kuma na hana kafa sanda mai tsini, tun ranar da ɗaya ta yi mini huji. Birgi da fatsa ba su taɓa yi mata lahani ba.

Maganar da nake so kowa ya riƙe ita ce santsi. In gansakuka ta hau bangon nan, babba ma ba ya iya hawowa. Akuyar maƙwabcina ta faɗa ciki da rana tsaka, ta yi ta yaƙushi tana zamewa, da igiya muka jawo ta. Ina tsaye ina kallonta, yaran da suke zuwa jifan fatsa ranar Juma'a kawai nake tunani. A satin na kewaye wurin da waya na sa ƙofa da kwaɗo, na ɗaure tsofaffin tayoyi da igiya na zura su a kusurwa huɗu su zama matakala.

Wanda gonarsa take fadama mai laka, irin ta Kura ko Kadawa, ban ga dalilin da zai sa ya kashe wannan kuɗi ba, ya haƙa ya daɓe kawai. Amma mai jigawa irina, zan ce ya saya, kada ya sauka ƙasa da 0.75, kuma ya tsaya da kansa ranar liƙi har a gama bakin bututu. Kandami na biyu da nake shirin haƙawa bayan girbin gero ita zan sake sawa, kuma na riga na sayi bututun ƙarƙashin na ajiye a rumbu.