Saƙo Daga Landan: Batun Man Sheƙin Taya Da Ka Ce In Aiko

Assalamu alaikum, ƙanena. Da fatan kana lafiya, da su Inna, da mai ɗakinka da yara. Ya ƙurar hunturu, ya kuma kasuwa a wajen wankin babura? Allah ya ƙara buɗi.

Na ji saƙonka na murya, inda ka ce in sayo maka feshin nan da ke sa taya ta yi baƙi wuluk tana ɗaukar ido, don ka ƙwace kwastomomin Tudun Wada kafin Sallah. Ba zan aiko ba, kuma ba rowa ba ce. Gidan waya ma ba ya karɓar gwangwanin feshi zuwa ƙasar waje, cikin kaya masu haɗari ake lissafa shi. Amma ko da ana karɓa, in dai don tayar babur ne, ba zan saya ba.

Akwai wani kanti nan da ake kira Halfords, yana da rassa ko'ina a Ingila, kayan mota da keke da babur yake sayarwa. Layin kayan wanki kaɗai ya isa ya ruɗa mutum. Sabulun jiki daban, na wili daban, na sarƙa daban, har da na cire ƙwarin da suka manne a fitila. Akwai wani ruwan hoda na kamfanin Muc-Off da masu babura ke yawan saye. Man sheƙin taya kuwa iri-iri, na feshi, na kumfa, na shafawa da soso, amma a ɓangaren motoci na gan su. In ka juya bayan gwangwanin, cikin ƙananan rubutun nan da ba wanda ke tsayawa karantawa, da yawansu sun rubuta ɓaro-ɓaro: kada a sa wa tayar babur ko ta keke, kada ya taɓa birki, kada ya taɓa inda taya ke taka ƙasa. Mai abu da kansa ya ce kada a sa, to ni wane ne da zan ɗauko in aiko maka?

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tayar mota shimfiɗaɗɗiya ce, gefenta ba ya taɓa kwalta, don haka ko an shafa masa man sheƙi da sauƙi. Tayar babur kuwa zagayayyiya ce, domin babur kwanciya yake yi kafin ya sha kwana. Wancan gefen da kake gani kamar ba ya aiki, shi ne ke riƙe da mutum in ya karkata a shataletalen PZ ko ya sauko ta Kwangila zai juya Samaru. Kuma duk inda taya ke taɓa ƙasa a lokaci guda bai wuce faɗin katin ATM ba. Yawancin man sheƙin nan silikon ne, abu ne mai santsi wanda ruwa ba ya wanke shi da sauƙi. Ko ka ce ai a gefe kawai za ka fesa, feshi ba ya bin layi. Babur na jingine a kan ƙafarsa, man zai gangara ƙasa, in taya ta fara juyawa kuma ta watsa shi waje zuwa kan zanen. Wanda baburinsa ke da birkin faifai a gaba ya fi shiga uku, don ɗigo kaɗan a kan faifan ya isa mutum ya matse birki ya ji babu komai. Abin takaicin shi ne ba a bakin wajen wankinka za a faɗi ba. A kwanar farko ne, ga goyo a baya, watakila mace da jariri.

Na san abin da ake yi a gida, don a gabana aka sha yi a bakin Kubanni. Wani baƙin mai yake shafawa, wani man birki, wani gas ko kananzir, wani kiwin takalmi, yara kuma su jiƙa suga ko su zuba lemon kwalba. Duk abin da ya fito daga fetur yana cin roba. Yau za ta yi kyau, amma a hankali yana tsotse sinadaran da ke sa ta laushi, sai ka ga gefenta ya fara tsattsagewa tun zane bai ƙare ba. Man birki kuma yana ɗaye fentin wili. Na suga dai shi ne mai ɗan dama, ba ya cin roba, sai dai kafin a kai Ƙofar Doka ƙura ta manne masa, taya ta koma ja fiye da da.

Wani bakanike dattijo da ke kusa da inda nake aiki ya fahimtar da ni wani abu da ya kamata ka riƙa faɗa wa kwastomomi. Launin ƙasa-ƙasan nan da ke fitowa a gefen taya ko bayan an wanke ta, ba duka ne datti ba. Masu ƙera taya suna haɗa wani sinadari a cikin robar, ana kiransa 6PPD, wanda ke tasowa sama a hankali yana kare ta daga iskar ozon da ke sa roba ta fashe. In ya haɗu da iska sai ya yi wannan launi. Wato taya tana aikinta ne. Mai dirzawa da fetur don ta koma baƙa, garkuwarta yake kankarewa, sai wani ya taso, ya sake kankarewa, har ya ƙare.

Yadda masu kula da baburansu ke yi a nan bai wuce abin da kake da shi a shago ba. Suna barin taya ta huce in daga tafiya aka zo. Sai a fara watsa ruwa zalla, yashi da laka su sauka. Sannan ruwan sabulu marar ƙarfi a bokiti, da buroshi mai ɗan tauri wanda ba a wanke komai da shi sai taya. Wannan ka riƙe shi da kyau: buroshi da tsumman da suka taɓa sarƙa ko inji kada su kusanci taya. A ɗaga babur a kan ƙafa biyu, ana juya wili da hannu ana gogawa, ana kuma kallo. A nan ne ake ganin ƙusa, ko guntun kwalba, ko tsakuwar da ta maƙale a zane, ko ƙullutun da ya kumbura a gefe. Ka lura da gefen tayar baya ta ɓangaren sarƙa, kullum za ka tarar da ɗigon mai da sarƙa ta watsa, musamman wurinmu da ake tsiyaya mata baƙin mai har ya yi yawa. Nan ne wajen da ya fi buƙatar sabulu. A ɗauraye sosai har kumfa ta ƙare, don sabulun da ya bushe a taya santsi yake komawa in ruwan sama ya taɓa shi. Omo yana da kaifi, in dole sai shi to kaɗan, a kuma ninka ɗauraya. Injin feshin ruwan da ka saya kuma, ka ce wa yaran su ja baya da shi, kada su kafa bakinsa a jikin taya ko a saitin boris da sarƙa. In an gama, ka ce wa mai babur ya fara a hankali, ya ɗan tattaka birki kafin ya hau babban titi.

In kwastoma ya nace sai ya ga sheƙi, ka ba shi a inda ba ya kisa. Ka goge masa wili da sifok, da tanki, da salansa, su yi ta ƙyalli. Kujera, da mariƙin hannu, da matakin ƙafa, su ma kada mai ya taɓa su. Tsabtatacciyar taya baƙa ce marar ƙyalli, kuma a wurin mutanen nan haka ake gane wanda ya san babur.

Ta fannin aikin hannu kuwa, ƙanena, ku ne a cikin daula ba ku sani ba. Nan babu acaba, amma titi cike yake da masu kai abinci a kan ƙananan babura irin Honda PCX, kuma kowa shi ke wanke abinsa a ƙofar gida, cikin sanyin da yatsa ke ƙagewa. Da hunturu hukuma na watsa gishiri a titi don kada ƙanƙara ta daskare, gishirin kuma yana cin ƙarfe, saboda haka wanki dole ne, da ruwan sanyi ma, don ruwan ɗumi ƙara masa ƙarfi yake yi. Mai faci a gindin bishiya kuwa babu shi sam. Taya ta yi faci, sai ka kira gareji a ba ka rana, kuɗin aiki kuma da awa ake lissafawa, sau da yawa ma a ce maka ba ta gyaruwa, sabuwa za ka saya. Iska kanta a gidajen mai da yawa sai ka biya inji. Ina tuna mutumin nan na Sabon Gari da zai cire tib, ya tsoma a ruwa, ya manne, ya mayar kafin ka gama shan shayi, har ka ce masa sai gobe za ka kawo kuɗi. Irinsa a nan da ya yi gida.

Inda suka fi mu shi ne awo da doka. Ba mai danna taya da babban yatsa ko ya ƙwanƙwasa ta da sifana ya ce ta yi. Geji ake sawa, taya na sanyi, a bi lambar da kamfani ya rubuta. Babur in ya kai shekara 3, duk shekara sai an kai shi gwajin da suke kira MOT, taya na cikin abin da ake dubawa. Wanda injinsa ya wuce cc 50, doka ta ce zurfin zanen tayarsa kada ya gaza milimita 1, kuma tarar suɗaɗɗiyar taya guda na iya kaiwa fam 2,500, ga maki 3 a kan lasisi. Ko tayar gwanjo za a sayar, sai an buga mata tambarin da ke nuna an yi amfani da ita. Mu kuwa sai zare ya fito ake tunanin canji, wani ma ya sa a shafa mata mai ta yi kamar sabuwa ya sayar da babur.

Akwai kuma shekarun taya, wanda kai ma za ka iya dubawa yau. A gefen yawancin tayoyi akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta. In ka ga 2319, mako na 23 ne na shekarar 2019. Kamfanin Michelin na ba da shawarar a riƙa kai taya wajen masani duk shekara in ta kai 5, a kuma cire ta in ta kai 10 ko da zanenta na nan. Da irin ranar Zariya, ni ba zan jira goman ba. Sabuwar taya ma tana da ɗan santsinta, ana so a lallaɓa ta kamar kilomita 160 na farko.

Akwai wani ɗan Samaru da zai zo gida bayan ya gama karatu, zan ba shi gejin iska guda biyu, da ɗan ƙarfen auna zurfin zane, da burusai masu kyau. Ka sa yaran su riƙa auna wa kowa iska kyauta bayan wanki, ba na jin akwai mai yin haka a layinku. Kafin nan ka duba Boxer ɗin da kake kai yara makaranta a kai, ka ɗauko mini hoton lambobin tayar gaba da ta baya ka turo ta WhatsApp. Ka gaida Inna da kyau, ka ce mata zan kira ranar Juma'a bayan an sauko.

Wassalam, naka Yaya.