Allon Ƙididdigar Eventbrite da Yadda Ya Yi Mana Aiki a Tarukanmu

Mutum nawa za su zo? A kan wannan tambayar ake ɗora kuɗin hayar kujeru, da girman ɗakin taro, da yawan abincin da za a gaya wa mai girki ta dafa. Ita ce ta sa ƙungiyarmu ta koma yin rajista ta shafin intanet na Eventbrite a tarukan horar da masu ƙananan sana'o'i da muke shiryawa a Kano. Kamfanin na Amurka ne, an kafa shi a San Francisco a 2006, kuma asalin aikinsa rajistar mahalarta da sayar da tikiti. Ni dai abin da ya riƙe ni shi ne allon ƙididdigarsa.

Da ka buɗe shafin taronka za ka ga zanen da ke nuna yawan waɗanda suka yi rajista kowace rana. A namu, layin yana tashi ranar da aka fitar da sanarwa, ya kwanta a tsakiya kamar an manta da taron, sannan ya sake miƙewa ana gab da ranar. Sanin haka ya kwantar mana da hankali. Yanzu ba ma ba mai girki adadi na ƙarshe sai mun ga wancan tashin na biyu.

Inda na fi jin daɗinsa shi ne adireshin bibiya. Manhajar tana ba ka damar ƙirƙirar adireshi daban ga kowace hanyar da za ka yaɗa sanarwa, duk su kai mutum shafi ɗaya, amma kowanne da lissafinsa. Mun yi ɗaya na Facebook, ɗaya na Instagram, muka kuma ba shugabar wata ƙungiyar mata masu ɗinki nata ta saka a zaurensu na WhatsApp. Da muka duba, wanda ta tura ya fi tallan da muka biya kuɗi kawo mutane, nesa ba kusa ba. Ba don an ware mata adireshinta ba, da wahala mu gane ƙoƙarinta ne, domin saƙon da ke yawo daga waya zuwa waya ba ya barin sawu. Tun daga nan kuɗin talla ya koma katin waya da data ga irin waɗannan shugabanni, kuma ina ganin hakan ya fi adalci.

Ranar taro, yaranmu biyu suna tsayawa a bakin ƙofa da manhajar Eventbrite Organizer a wayoyinsu. Mahalarciya ta nuna lambar QR ɗinta, wato ɗan zanen murabba'i da ke kan tikitinta, a haska da waya, sunanta ya fito, ta wuce. Daga ƙarshe kana da alƙaluma biyu: waɗanda suka yi rajista da waɗanda suka zo da ƙafarsu. A taron kyauta tazarar tana da faɗi, don wanda bai biya ko sisi ba ba ya jin nauyin fasawa. Ana iya sauke rahoton a buɗe a manhajar lissafi ta Excel, kuma shi muke miƙa wa masu tallafa mana.

Sai dai allon ba ya ganin wanda bai bi ta intanet ba. Dattijuwar da ta ji sanarwa a rediyo, ko wadda maƙwabciyarta ta ce "Hajiya, taso mu je," ba su cikin kowane zane, alhali sau da yawa su suka fi buƙatar horon. Don haka muna ajiye tebur a gefe da mai yi musu rajista nan take, muka kuma ƙara tambaya a fom ɗin: a ina kika ji labarin taron? Duk mai son gwadawa ya tanadi wannan teburin, ya kuma tabbatar akwai sabis mai ƙarfi a ɗakin kafin ya biya kuɗin haya.