Asusun Filayen 'Yan Asalin Ostareliya: Ajiyar Banki ko Zuba Jari?

Bayan hukuncin Mabo na 1992, inda kotun ƙolin ƙasar ta amince da haƙƙin 'yan asali a kan filayensu na gado, Ostareliya ta kafa asusu a 1995 don saya wa 'yan asalin ƙasar filayen da aka ƙwace musu.

Tsarin farko ya taƙaita kuɗin asusun ga ajiyar banki da takardun lamunin gwamnati. Asara ba ta da yawa, amma ribar ba ta taka kara ta karya ba. Tun 2010 doka ta wajabta fitar da aƙalla dalar Ostareliya miliyan 45 daga asusun duk shekara, adadin kuma yana bin hauhawar farashi, sai uwar kuɗin ta shiga haɗarin zaizayewa.

Wata doka ta 2018 ta miƙa wa hukumar Future Fund, mai juya kuɗin jarin gwamnatin ƙasar, kuɗin asusun, kusan dala biliyan 2, ta juya su a hannayen jari da sauran kadarori. Wannan ya fi, ko da yake faɗuwar kasuwa na iya taɓa asusun, kuma majalisa na iya sake dokar gobe.