Wace enkoda za ka saya wa rediyon da ka haɗa?

Duk wanda ya haɗa rediyo da Arduino (ƙaramin allon kwamfuta da ake saka wa manhaja) da Si5351 (cif ɗin da ke samar da mitar tasha) ya san wannan matsalar: ka murɗa maɓallin neman tasha taku ɗaya, lambar da ke kan allo ta tsallake uku, wani lokaci ma ta koma baya. Sanadin yana cikin enkodar, wato na'urar da ke bayan maɓallin, mai sanar da Arduino yawan murɗawar da ka yi. 'Yan ƙarafan da ke haɗuwa a cikinta ba sa zama daram, sai sun yi karkarwa ta 'yan milisakan, Arduino kuma ya ƙirga kowace karkarwa a matsayin taku.

Mafi arha ita ce EC11, wadda ke kan allon KY-040, mai taku 20 a zagaye ɗaya. Kada ka raina ta. Rezista 10k da kafasita 10nF a kan ƙafafunta na sigina, A da B, suna rage karkarwar sosai. Amma kada ka ɗora kafasitar kai tsaye a kan ƙarafan ba tare da rezista a tsakani ba, domin duk lokacin da suka haɗu za ta sauke cajinta a kansu, ta cinye su da wuri. Kada kuma ka kai 100nF, in ka murɗa da sauri taku zai iya ɓacewa. Mai son siginar ta fito tas sai ya ƙara cif ɗin 74HC14, mai tsaftace sigina. Ni dai na fi amincewa da gyaran manhaja, irin laburaren (shiryayyen ɓangaren manhaja) da Ben Buxton ya rubuta wa Arduino, wanda ba ya ƙirga taku sai A da B sun bi jerinsu daidai. Ba ya cin ko kobo.

Enkoda mai aiki da haske, kamar Bourns EM14, ba ta da ƙarafan da za su yi karkarwa, ƙurar hunturu ma ba ta dame ta sosai ba. Ga neman tasha a SSB (salon watsa murya da ke buƙatar a saita mita daidai), santsinta ya cancanci kuɗinta. Manyan enkodoji masu taku 400 ko 600 a zagaye ɗaya sun yi wa Arduino Nano yawa sai ka raba lissafin, kuma suna buƙatar rezistocin ja zuwa 5V.

Akwai kuma AS5600 mai maganaɗisu, tana iya amfani da layin I2C (wayoyi biyu na magana da Arduino) ɗaya da Si5351, sai dai saita maganaɗisun yana son haƙuri.

Idan lambar tana tsalle ne kawai lokacin da kake watsawa, ba enkodar ba ce, RF ne, wato siginar rediyon da kake watsawa, ke shiga wayoyinta. Gajarta su, ka nisanta su da sashen ƙarfafa sigina, ka zura musu zoben farait mai tare RF, kafin ka kashe kuɗi a kan sabuwa.